Inda Fushina Yake Fara Sauka

Wajen shekara guda bayan rasuwar Inna na fara ciwon ciki. Bai taɓa kwantar da ni ba, ina zuwa aiki ina dawowa, amma akwai wani zafi ƙasan ƙirjina, daidai inda haƙarƙari suka rabu, kamar garwashin da aka rufe da toka. Na yi abin da kowa yake yi. Na ce olsa ce, na shiga kemis na sayi omeprazole, na bar yaji da tsami, na daina wuce lokacin cin abinci. Ya kan lafa kwana biyu ya dawo. Da abin ya ishe ni na je asibiti. Aka gwada ni ko ina da ƙwayar cutar nan H. pylori mai haddasa olsa, babu. Aka zura min siririn bututu mai kyamara ta maƙogwaro aka duba tumbina, lafiya ƙalau. Aka auna bugun zuciya, shi ma babu abin da aka gani.

Ranar da na koma karɓar sakamako, likitan ya jera takardun a gabansa ya ce, "Malam, wannan zafin kafin ka ci abinci yake tasowa ko bayan ka ci?"

Na ce, "Likita, ba ruwansa da abinci."

Ya ce, "To da me yake da ruwa?"

Na rasa amsa. Wata bakwai ina ɗauke da ciwo, ban taɓa lura da abin da yake faruwa kafin ya taso ba. Ya ce in sayi ɗan littafi, duk lokacin da zafin ya zo in rubuta ƙarfe nawa ne, da abin da nake yi minti goma kafin nan. Bayan mako biyu na zauna na karanta abin da na rubuta da hannuna. Sau goma sha ɗaya ya taso, kuma bakwai daga ciki bayan Yaya ya kira ni ne, ko bayan na ga saƙonsa, ko ina tunanin abin da zan faɗa masa.

Tsakanina da Yaya maganar gidan Inna ce. Shi yana so a sayar a raba gado kowa ya kama gabansa, ni kuma duk lokacin da aka ambaci sayarwa sai in ji kaina ya ɗau zafi. Kullum ina da hujja: kasuwar gidaje ta faɗi, a jira ƙanwarmu ta gama makaranta, dillalin ba mai gaskiya ba ne. Ban taɓa haɗa wannan rigimar da cikina ba.

Likitan bai ce min ciwon ƙarya ba ne, kuma na gode masa da wannan. Ya ce zafin na gaske ne, sai dai tushensa ba rauni ba ne a tumbi. Shi ya fara ba ni labarin wani horo na mako takwas da ake kira MBSR a taƙaice, wanda wani masanin kimiyya, Jon Kabat-Zinn, ya fara a 1979 a asibitin makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts da ke garin Worcester a Amurka. Marasa lafiyan da likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu a kansu ake turo masa, masu ciwon baya da ciwon kai da hawan jini. Abin da yake koya musu shi ne su tattara hankalinsu a kan abin da jikinsu yake ji a daidai lokacin, ba tare da sun yi gaggawar korar sa ko yanke masa hukunci ba. A tsarin asali ana haɗuwa sau ɗaya a mako na awa biyu da rabi, kowa kuma ya yi aikin gida na minti 45 kullum, sannan a mako na shida a yi yini guda cikin shiru. Ni a intanet na samu wanda ake bi kyauta, na sauke sautukan a waya, na bi shi a gida.

Kafin in fara sai da na tsaya, domin na karanta cewa shi Kabat-Zinn ya ɗauko yawancin hanyoyin daga zaman tunani na mabiya addinin Buddha, ya cire musu ibada da aƙida ya kai su asibiti. Na sami malamin da nake ɗaukar karatu a wurinsa bayan magariba na zayyana masa komai. Ya tambaye ni ko akwai wani suna da ake kira, ko wani abu da ake rusuna wa. Na ce babu, kwanciya ce da lura da numfashi da gaɓɓai. Ya ce, "In dai haka ne, lura da jikin da Allah Ya ba ka ai ba laifi ba ne. In ka ga abin da ya taɓa aƙida ka bar shi a nan." Sannan ya karanto min hadisin Sulaimanu ɗan Surad da ke cikin Bukhari da Muslim, na mutum biyu da suka yi zage-zage a gaban Annabi (SAW) har fuskar ɗaya ta yi ja, jijiyoyin wuyansa suka kumbura, Annabi ya ce ya san wata kalma da in mutumin ya faɗa abin da yake ji zai tafi, wato neman tsari daga Shaiɗan. Malam ya ce, "Ka lura, mai ruwayar da fuska da jijiyar wuya ya siffanta fushin. A jiki aka gan shi."

Darasin farko da busasshen inabi ake yin sa. Ni dabino na samu a gida. An ce in riƙe shi kamar ban taɓa ganin irinsa ba. Na juya shi a tafin hannuna, na ga yamutsewar fatarsa da ɗan farin sukarin da ya fito a gefe, na shinshina, na ɗora a harshe ban tauna ba. Kafin haƙorina ya taɓa shi sai na ji yawu ya taru a gefen muƙamuƙina, maƙogwarona ya motsa yana shirin haɗiya. Duk azumin duniya da dabino nake buɗa baki, amma ban taɓa jin wannan shirin da jiki yake yi shi kaɗai ba sai ranar.

Babban aikin makonnin farko shi ne bin jiki da hankali daga ƙafa zuwa kai. Bayan sallar asuba nake shimfiɗa tabarma a falo, in kwanta rigingine, in sa abin sauraro a kunne. Muryar takan fara daga yatsun ƙafar hagu, ta ce ka kai hankalinka can ka ji abin da yake akwai: ɗumi, sanyi, tsami, motsin jini, ko ma rashin jin komai. Daga nan tafin ƙafa, diddige, idon sawu, ƙwauri, gwiwa, cinya, a koma ƙafar dama, a hau ƙugu da baya da ciki da ƙirji, har tsakiyar kai. Kwanakin farko wahala na sha. Yatsun ƙafata ban ji su ba sam sai na motsa su. Kafin a kai gwiwa barci ya kan ɗauke ni, ko in tsinci kaina ina lissafin kuɗin makarantar yara. Umarnin guda ɗaya ne: duk lokacin da ka lura hankalinka ya tafi, ka dawo da shi inda aka tsaya, ko sau ɗari ne. Na koma yi a zaune jingine da bango, idona a buɗe kaɗan, barcin ya ragu.

A kwana na tara ko na goma, da muryar ta iso fuska ta ce a lura da muƙamuƙi, sai na tarar haƙorana na sama da na ƙasa a danne suke gam. Babu abin da ya ɓata min rai a safiyar, gari ma bai gama wayewa ba. Na sake su a hankali, sai na ji wani tsami ya bazu daga ƙasan kunnena zuwa wuya, irin tsamin da hannu yake yi in ka sauke kaya mai nauyi bayan doguwar tafiya. Da na gaya wa uwargida sai ta ce, "Malam, ai ka daɗe kana cizon haƙora cikin barci. Tun bayan sadakar arba'in ɗin Inna nake jin ƙarar." Ta ce ta yi shiru ne don ta ga ba na son a taɓo maganar.

A mako na biyu an ba mu takarda mu riƙa rubuta abu ɗaya mai daɗi da ya faru kowace rana, a mako na uku kuma abu ɗaya marar daɗi. Akwai gurbin abin da ya faru, da gurbin tunanin da ya zo, da gurbin abin da ka ji a jikinka dalla-dalla. Wannan gurbi na ƙarshe ya fi ba ni wuya. Sai in rubuta "raina ya ɓaci" in ga kamar na cika. Amma ɓacin rai suna ne da na raɗa wa abin, tambayar kuwa ita ce a ina, kuma yaya yake. Zafi ne ko nauyi? Matsewa ce ko rawa? Faɗinsa ya kai tafin hannu ko bai wuce kan yatsa ba? A tsaye yake ko yana tafiya?

A nan ne na fara sauraron Hausar da nake yi tun ina yaro da wani kunne daban. Mu ne muke cewa baƙin ciki da farin ciki, mun ajiye su duka biyu a cikin mutum. Mukan ce gabana ya faɗi, hantata ta kaɗa, cikina ya ɗuri ruwa, gwiwata ta yi sanyi, tsigar jikina ta tashi, zuciyata ta tafasa, wani abu ya tokare min maƙoshi. Waɗanda suka fara furta waɗannan kalmomi sun ji abin a gaɓɓansu ne kafin su faɗa. Mu da muka gada muna maimaitawa har sun zama sulallan da suka goge, ba ma ganin zanen da ke jikinsu. Daga ranar, in na ce gabana ya faɗi, sai in tsaya in duba ko da gaske wani abu ya faɗi. Kuma akwai shi: wani ɗan zurfi ne da yake buɗewa a tsakiyar ƙirji na daƙiƙa ɗaya, kamar mota ta faɗa rami ba ka shirya ba.

Daga baya na ci karo da wani bincike da aka wallafa a 2014, wanda Lauri Nummenmaa da abokan aikinsa suka yi a ƙasar Finland. Mutum 701 suka shiga, daga Finland da Sweden da Taiwan. Ana nuna musu kalmomi ko labarai ko fina-finai masu tayar da wani yanayi, sai a ba su zanen jikin mutum a kwamfuta su shafa launi a inda suka ji motsi ya ƙaru da inda suka ji ya ragu. Taswirar fushi ta haskaka kai da ƙirji da hannuwa. Ta baƙin ciki ta nuna hannuwa da ƙafafu sun mutu. Farin ciki ne kaɗai ya haskaka jiki gaba ɗaya daga kai har ƙafa. Na daɗe ina kallon hoton nan a waya. Mutumin Taiwan da bai taɓa jin Hausa ba ya shafa launin sanyi a ƙafafunsa daidai inda mu muke cewa gwiwa ta yi sanyi.

Cikin mako na huɗu na gano jerin yadda fushina yake zuwa, domin ba a lokaci ɗaya yake sauka ba. Waya za ta yi ƙara, in ga sunan Yaya. Abu na farko numfashina ne yake tsayawa, a rabin shaƙa. Sai kafaɗuna su ɗaga zuwa kunne. Sai haƙora su haɗu. Bayan haka garwashin nan na ƙasan ƙirji ya fara ruruwa, tafin hannuna ya yi gumi. Maganganu masu zafi su ne na ƙarshe, kuma kafin su iso bakina jikina ya riga ya gama ɗaura ɗamarar faɗa tun ban ce "salamu alaikum" ba.

Da na koma wurin likitan na karanta masa wannan jerin, ya ce haka tsarin yake. In ƙwaƙwalwa ta hango barazana, wasu ƙananan gaɓɓai da ke zaune a kan ƙoda sukan saki sinadarin adrenalin cikin jini. Zuciya ta ƙara sauri, tsokoki su ɗaure, jini ya ragu a wajen hanji da tumbi ya tafi hannuwa da ƙafafu, narkar da abinci ta ja baya. Jiki bai bambance kura da kiran waya ba in dai an ɗauke shi a matsayin haɗari. Ya kuma gaya min akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya ta ratsa zuciya da huhu har cikin ciki, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na zarurukanta saƙo suke kaiwa sama, daga jiki zuwa ƙwaƙwalwa. Ita ce take rage saurin zuciya duk lokacin da mutum yake fitar da numfashi, shi ya sa jan fitarwar a hankali yake kwantar da jiki. Wannan ya tsaya min a rai, cewa cikina ya fi aika wa kaina magana fiye da yadda kaina yake aika masa, ni kuma wata bakwai ina rufe masa baki da ƙwayar magani.

Sanin jerin bai hana ni faɗawa ba. A mako na biyar Yaya ya kira ina tsaye a bakin ƙofa zan fita, ya ce an sami mai saye kuma ya ba shi ranar zuwa ganin gida. Na ji tsayawar numfashin sarai, na ji kafaɗun, na san abin da yake tafe, amma duk da haka na ɗaga masa murya, na faɗa masa maganar da ƙane bai kamata ya faɗa wa yayansa ba. Na kashe wayar hannuna yana rawa. Bambancin kawai, wannan karon na ga abin yana faruwa. Na koma ciki na zauna a ƙasa, na tuna hadisin Abu Zarri da Abu Dawud ya ruwaito, cewa wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai tafi ba ya kwanta. Na ɗora hannuna a kan zafin, na ce a zuci, wannan fushi ne, ga shi nan, faɗinsa kamar tafin hannu. Na riƙa shaƙa a ƙirga huɗu, in fitar a ƙirga shida ko bakwai. Na zata in na zuba masa ido zai ƙaru. Ya ƙaru kaɗan, ya tsaya, gefunansa suka fara laushi, ya koma ɗumi, ya sauka ƙasa wajen cibiya. A duk lokutan baya labarin da nake ta maimaitawa a kaina ne yake hura shi, cewa Yaya ya raina ni, bai damu da Inna ba, kuɗi kawai yake so. Da na bar labarin na tsaya a kan zafin kansa, bai kai minti goma ba ya lafa.

Yinin shiru na mako na shida a ranar Asabar na yi shi. Uwargida ta kwashe yara zuwa gidansu, na kashe waya daga hantsi zuwa la'asar, babu karatu babu rediyo, sai salla da zama da tafiya a hankali a tsakar gida. Wajen azahar ina zaune, na kawo maganar gidan a raina da gangan don in ga abin da jiki zai yi. Zafin ya zo kamar kullum. Na zauna da shi har ya yi laushi. Sai na ji akwai wani abu a bayansa wanda ban taɓa isa gare shi ba, domin kullum a kan fushin nake tashi. Wani dunƙule ne a maƙoshi, mai tauri kamar ƙwallon goruba, haɗiyar yawu ma da ƙyar. Hannuwana suka yi nauyi a kan cinyata. Ban kira komai ba, amma sai ga ɗakin Inna a idona: labulen nan mai ruwan ƙasa, jeren kwanukanta, butar da take alwala a bakin ƙofa, da yadda take ɗaga labulen da bayan hannu in ta ji sallamata ta ce, "Auta, ka ci abinci kuwa?" Ina da 'ya'ya huɗu, akwai ƙanwa a bayana, amma ni ne autan maza, kuma ba ta taɓa daina kira na haka ba.

Ranar jana'izarta ban yi kuka ba. Ni na yi ta kai da kawo, da karɓar gaisuwa, da sallamar baƙi, mutane suna yaba min dauriya. Kukan a tsakar gidana ya zo, wata goma sha tara bayan nan, har kafaɗuna suna girgiza. Da ya wuce sai na ji dunƙulen ya narke, numfashina ya sauka har ƙasan ciki, abin da na manta rabona da shi. Na tuna Annabi Yakubu (AS) da Alƙur'ani ya ce idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki alhali yana haɗiye shi. Annabi ne, mai haƙuri mai kyau, amma abin da ya haɗiye sai da ya fito a idonsa. A nan na gane duk hujjojina na kasuwa da dillali rufi ne kawai. Tsoron da nake ji shi ne ranar da wani zai cire labulen nan.

Ina so in faɗi wani abu ga wanda zai gwada. An gargaɗe mu tun farko cewa in abin da ya taso ya fi ƙarfin mutum, ya buɗe ido, ya taka ƙasa da tafin ƙafa, ya kalli abubuwan da ke ɗakin, ya dakata. Wanda ya ga tashin hankali mai tsanani a rayuwarsa, kamar hari ko garkuwa ko fyaɗe, kada ya shiga wannan shi kaɗai, ya nemi likitan ƙwaƙwalwa ya raka shi. Kuma ciwon ƙirji ko na ciki asibiti ake fara kai shi. Ni ma sai da aka gama duba ni tukuna.

Makonni biyu na ƙarshe sun wuce ba wani abin mamaki. Na rage zaman zuwa minti ashirin, na fara lura da jikina a layin banki da cikin cunkoson mota, da lokacin da yaro ya zubar da shayi a kan takarduna. Zafin cikin bai tafi gaba ɗaya ba, har yau ya kan leƙo, amma na daina sayen maganin, kuma in ya zo na kan tambayi kaina abin da ya faru minti goma da suka wuce.

Bayan na gama da kwana kaɗan na je gidan Yaya da yamma. Na tarar da shi a zaure yana alwala. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi haƙurin maganar da na faɗa. Sannan na ce, "Yaya, ba kasuwa ce ta hana ni yarda ba. Ɗakin Inna ne ban iya rabuwa da shi ba." Ina faɗa ina jin dunƙulen yana dawowa, na bar shi a wurinsa na ƙarasa maganar.

Ya daɗe bai ce komai ba, butar tana hannunsa. Can ya ajiye ta, ya kai hannu bayan wuyansa ya dafa, ya ce, "Ni a nan yake kama ni. Tun da ta rasu ban iya shiga gidan ba. In na doshi layin ma sai wuyana ya sandare. Shi ya sa nake so a sayar in huta."

Har yanzu ba mu yanke shawara a kan gidan ba. Mun dai yi alkawarin ranar Juma'a bayan masallaci za mu je tare mu buɗe ɗakin, mu fitar da kayanta mu raba wa 'yan'uwa. Mabuɗin yana wurina. Jiya da daddare na ɗauko shi daga cikin akwati, numfashina ya tsaya a rabin shaƙa, na jira har ya sauka, sannan na sa shi a aljihun rigar da zan saka.